Kujerar da Sunka Ƙara wa Shekaru

Yayana ya rasu bana, ana tsakiyar cire albasa, saura kwana uku a ɗauki azumi. Innarmu ta ce shekarar fara anka haife shi, farar da ta cinye gero har ta koma kan kara. Ni ban zo ba sai da anka rufe uku tsakaninmu, daga ni kuwa haihuwa ta tsaya. Ya fara riƙon gizago tun mota ba ta shiga Tursa. Ya sassaƙa mani kujerar aure shekarar da Turawa sunka miƙa mulki. Ya baro Tursa ya koma Wurno shekarar da anka aje fam da sule anka ɗauki naira. Sadda anka tare ruwa a Goronyo kuwa, furfura ta riga ta kama mashi gemu. To ku masu takarda ku lissafa. Ni haka nike ƙidayata, kuma ba ta taɓa ɓace mani ba. Daga Allah munka fito, wurinai za mu koma. Allah shi jiƙan Yaya, shi sa ƙasa ta yi mashi sauƙi.

Ban yi boko ba, ban kuma ji kunyar faɗi ba. Ɗiyata ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gargaɗe ta kada ta sanyaya mani magana. Inda nij ji zafi, ta bar shi da zafinai.

Kwana bakwai niy yi zaune gidanai wurin karɓar gaisuwa, kwana bakwai ina haɗiyar takaici. Mata su shigo, su durƙusa, su ce, “Allah sarki, bawan Allah mai haƙuri.” Haƙuri? Yayana? Mutumin da ya taɓa jefa wa mai gyaran keke gatari don ya jingina keke jikin sabon ƙyaure fenti bai bushe ba? Daga zaure ina jin maza suna ta yabo: ba ya fashin jam'i, ba ya cin haƙƙin maƙwabcin gona, geronai ya fi na kowa tsawon zangarniya. Duk gaskiya ne. Amma cikin masu gaisuwarga babu wanda ya buɗe baki yac ce masassaƙi ne. Suna zaune bisa kujerun da yas sassaƙa. Gumbar sadaka cikin turminai anka daka ta. Tuwon da sunka ci kafin azumi cikin akussanai anka kai musu. Sunka suɗe hannu sunka ce manomi ne na kirki.

Wata maƙwabciya har ta dafa ni tac ce, “Ai ya huta, Inna. Sana'ar ma ta riga shi mutuwa, yanzu duk roba ake saye.” Nid dube ta nic ce, “Ke kuwa tashi ki zauna kan roba.” Ba ta tashi ba.

Mutum ɗaya ya yi kukan da ya dace. Wani tsohon Bafillace ne da ban san shi ba, ya zo da ƙafa, bai yi wa kowa doguwar gaisuwa ba. Yash shiga rumfar aiki, yaɗ ɗauki gizagon, yas shafa ƙotar inda hannu ya cinye ta, yam mai da shi inda yag gan shi. Yaf fito idonai jawur. Wanga shi ya san wa ya mutu.

Duk wannan da na haƙura. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, kafin a yi arba'in an so a shafe sunan Yaya daga kan aikin hannunai, kuma da bakina anka so a yi. Zan zo wurin. Bari tukuna ku san mutumin.

Sassaƙa kowa na iya koyo. Abin da Allah ya ba Yaya dabam shi ne, in ka miƙa mashi icce sassaƙaƙƙe, zai faɗa maka wane icce ne, wane gari anka yi shi, hannun wa, da kimanin shekarun da yay yi. Ba ya fara duban gaba. Juya abu yake, shi duba gindi, don ya ce fuska ta mai saye ce, gindi na mai aiki. Shi sa babban yatsa cikin akushi shi bi sawun gizago ido rufe. Shi sansana. Shi ɗan kankare da farce shi ɗora ga harshe. Muna yara muna mashi dariya, mu ce Yaya gara ce, abincinai icce. Shi ce, “Auta, icce ba ya ƙarya. Mai icce ke yi.”

Shi ya koya mani launi, don ni ke daka mashi. Baƙi, bagaruwa ce da kashin maƙera a jiƙa su har su yi wari. Ja, karan dafi ne. Rawaya, saiwar rawaya. A haɗa kowane da ƙaro don shi kama icce. Launin da anka yi haka shiga icce yake kamar lalle ga ƙafa; in ya tsufa dusashewa yake, ba ya ɓarewa. Fentin gwangwani kuwa zama yake bisa, in ya tsufa shi tsage shi yi ɓawo kamar ƙasan fadama da bazara. Saboda haka in yag ga ɓawo sai shi ce, wanga bai girmi kanti ba. Mutanen da da ganyen ɓaure mai kaushi suke goge aiki, sawun gizago na nan ƙarƙashi in ka shafa. Samfefa ta kanti kuwa share komi take, ta bar icce sumul kamar goshin jinjiri. Kuma kowane gari da hannunai. Ya ce masassaƙan Rabah na barin bakin akushi da kauri, namu na Tursa su fiƙe shi, na bakin gulbi wajen Goronyo su faɗaɗa gindi don kada ya kife cikin jirgi. Ban san ko yanzu haka yake ba. A zamaninai haka yake.

Faɗanmu mafi girma da shi kan wannan sanin ne. Wani attajiri can Rabah yana da ƙyaure mai zane a zaurenai, kowa ya zo sai an nuna mashi, a ce kakan kakansu yaz zo da shi tun zamanin jihadi. Ƙafar ƙyauren ta cinye, anka aiko wa Yaya shi gyara. Ya gama aiki, ga baƙi cike da zaure, sai maigidan ya so a yaba mashi. Yac ce, “Malam, kai da anka ce ka san icce, faɗa wa mutanenga shekarun wanga ƙyaure.”

Yaya yac ce, “Alhaji, a bar maganar.”

“A'a, faɗi. Mi kake tsoro?”

Yac ce, “To. Allon ƙasa tsoho ne, kirya ce, aikin gizago, ya yiwu ya ga kakan naka. Biyun sama kuwa zarto na inji ya yanke su, ga haƙoranai nan a jere. Koren da ke jikinsu irin na bodin mota ne. Waɗanga ko mahaifinka ban tabbata sun gani ba.”

Ba a ba shi ko ruwa ba. Da ƙafa ya dawo, kuma gidan nan da duk danginsu ba su ƙara ba shi aiki ba har ya mutu, alhali ko wace shekara suna aurar da ɗiya. Da nij ji, takanas niz zo na same shi rumfa. Nic ce, “Yaya, kai wane irin mutum ne? Mi za ya rage ka in ka ce tsoho ne ka karɓi goronka? Ga iyali gabanka!”

Bai ɗaga kai daga turmin da yake fafewa ba. Yac ce, “Auta, wanda yay yi allon sama shi ma mutum ne. Ya yi gumi, ya daidaita sabo da tsoho har shekaru ba a gane ba. In na ɗauki aikinai na ba kakan Alhaji, shi in kai shi ina?”

Nic ce, “Ka kai shi inda za ka kai yunwar ɗiyanka.” Nif fita. Ba mu yi magana ba har sallar layya, sai da ya aiko mani da muciya sabuwa babu saƙo. Na karɓa. Ban ba shi haƙuri ba, kuma yau da shi ke ƙasa nake jin nauyin abin.

Saninai bai tsaya ga iccen ƙasarmu ba. Surukinai, mijin ɗiyatai ta fari, ya taɓa dawowa Umra da wani ɗan akwati na icce, an sassaƙa furanni jikinai an shafe da ja da ruwan zinari. Ya ce mai shagon ya rantse mashi daga wani tsibiri ya fito, Bali, can ƙasar Indunusiya, kuma ya haura shekara ɗari. Ya kawo wa Yaya don shi burge shi. Yaya ya riƙe akwatin nan kwana uku, ko gona bai tahi ba. Ran na huɗu yak kira surukin, ina nan zaune.

Yac ce, “Iccen ban san shi ba. Ba shi da nauyi, ba shi da ɗaci, ba na ƙasarga ba ne, ba zan laƙa mashi suna ba. Ko daga Balin yake, wannan sai mutanen can. Amma shekaru, zo ka gani. Abin da ya tsufa da gaske, tudu ke gogewa don nan hannu ke taɓawa, dauɗa ta taru cikin kwari. Wanga kuwa dauɗa na bisa tudu, kwarin fes. Shafa ta anka yi. Sansana nan. Man takalmi ne. Ga kuma ramukan ƙwari: sa tsinke. Ka ga ya shige sak? Ƙwaro ba ya tahiya sak, ƙusa ke yi.”

Suruki ya ɓata rai yac ce an cuce shi. Yaya yac ce, “Kai cutarka kaɗan ce, ka samu akwati mai kyau. Wanda anka cuta shi ne mai aikin. Dubi ganyen nan yadda ya naɗe kamar iska ta taɓa shi. Wanga gwani ne, kuma ina jin da ransa, wataƙila yanzu haka yana zaune da wuƙatai. Da zan gan shi da na ba shi goro. Amma an ce mashi ya mutu tun shekara ɗari don a samu ciniki.”

Kada ku ce duk faɗa ne da shi. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan bakin gulbi, wata mata da ta rasa komi ta ga akushin mahaifiyarta cikin kayan wani mai shimfiɗa a kasuwar Wurno. Ta ce nata ne, shi ya ce gadon uwatai ne. Jama'a ta taru, anka ce a tahi wurin mai gizago. Yaya ya tambayi mutumin, “Mi innarka ke ci a ciki?” Yac ce tuwo. Yaya yas sansana yac ce, “Wanga bai taɓa ganin miya ba, nono ya sha.” Yas shafa ciki, yaj juya wurin matar yac ce, “Innarki bahaguwa ce?” Matar ta fashe da kuka. Ludayi ya cinye gefe guda, gefen da mai damu da hagu ke bi. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce cikin fadama yat tsince shi bayan ruwa ya janye. Mutane sunka fara yi mashi ihu. Yaya ya tsawata musu, yash shiga rumfa yaɗ ɗauko sabon akushi yab ba shi, yac ce, “Kai ma ruwa ya ci ka. Sayar da wanga, ka ce sabo ne.”

To wannan shi ne mutumin. Yanzu ku ji abin da ɗan cikinai yay yi.

Kujerar aurena ba na zama bisa wata in ba ita ba. A zamaninmu in gidan masassaƙa za a aurar da ɗiya, ba a saya mata kujera. Wanta ko ubanta shi zai sassaƙa. Tawa ƙafa huɗu ce gajeru, da zanen ja da baƙi kewaye da baki. Da ita anka kai ni Marnona, bisanta niy yi girki, bisanta niy yi wankan jego sau takwas. Da anka yi rasuwa na sa an ɗaura mani ita bayan kabu-kabu, bisanta nik karɓi gaisuwa. Ran bakwai da zan koma nic ce a bar ta ɗakin matar Yaya, tunda zan dawo arba'in.

Arba'in ta faɗo mako guda bayan ƙaramar salla. Na iso da hantsi, nic ce a ba ni kujerata. Matar Yaya ta duba ƙasa. Nic ce, “Ke, ina kujerata?” Tac ce, “Sai dai ki tambayi babban ɗanku.”

Sai ga shi ya shigo, ɗan Yaya na fari, magidanci da furfura tsilli-tsilli. Yad durƙusa, yaj ja ni gefen rumbu, yar rage murya.

“Goggo, alfarma nike nema. Kalma ɗaya.”

“Ina kujerata?”

“Tana zaure, lafiya lau. Goggo, akwai wani dillalin kayan da, ya kawo baƙo daga birni mai tara kayan tarihi. Mun haɗa duk abin da Baba ya bari rumfa. Sabo ba su so. Na ce musu kayan kakanni ne tun kafa garinga. Baƙon ya ce sai ya ji daga bakin tsoho. Ke kaɗai kinka rage. Ki ce kujerar wurin kakarki kinka gada, ita ma wurin tata kakar. In kujera ta tsaya, sauran duk sun tsaya.”

Nic ce, “Uban naka kuma in kai shi ina?”

Yac ce, “Goggo, Baba ya tahi. Shekara nawa kayan nan na jibge babu mai tayawa? Ga ƙannena ƙanana, ga innarmu, ga damina na zuwa babu taki. Kuma in sun saya, cikin gilashi za a sa su, manyan mutane su zo kallo. Ashe ba daraja ce munka jawo mashi ba?”

Ba zan ɗora mashi abin da bai yi ba. Ba mugu ba ne, kuma yunwar da ya faɗa gaskiya ce. A ranshi gani yake duk abin da anka ce tsoho ne an girmama shi, kamar yadda muke ƙara wa dattijo shekaru wurin yabo. Bai gane ba in ka ƙara wa aiki shekaru, mai aikin kake ragewa har shi ɓace. Ban ce mashi e ba, ban ce a'a ba. Nic ce mu tahi.

Nish shiga zaure. Akussa, kujeru, ƙyamare biyu, duk an shimfiɗe bisa tabarmi, duk baƙi ƙirin kamar an tono su daga gobara. Ashe duk tsawon azumi rataye suke bisa murhu suna shan hayaƙi. An mulke su da man kaɗe da toka. Ga kujerata a tsakiya. Janta ya mutu. An huda mata ƙafafu da ƙusa wai cin ƙwari. Kujerar da shekara sittin da wani abu ban bari ko kaza ta hau ba!

Baƙon mutum ne mai ladabi, da tabarau da ɗan littafi. Yar rusuna yac ce, “Inna, sannu da haƙuri. An ce ke kin san tarihin wagga kujera.”

Nic ce, “Na sani kuwa. A ba ni wuƙa.”

Dillalin yac ce, “Haba Inna, wuƙa kuma ta mi? Kayan tarihi ba a…”

Nic ce, “Kai ɗan nan, da kai nike?”

Anka miƙo wuƙa. Nik kife kujerar, nif feƙe ɗan sili daga cikin ƙafa inda hayaƙi bai kai ba. Nim miƙa wa baƙon nic ce, “Tauna.”

Yad dubi dillali, yad dube ni.

“Tauna, ɗana, ba guba ba ce. Azumi ya wuce.”

Yat tauna. Fuska ta yamutse.

“Mi kaj ji?”

“Ɗaci.”

“Ɗacin mi? Innarka ba ta taɓa dafa maka shi ba kana zazzaɓi?”

Yac ce, “Dogon yaro.”

Dillali ya yi tsalle yac ce, “Maɗaci ne! Maɗaci ma ɗaci gare shi, kuma tun fil'azal akwai shi!”

Nic ce, “Maɗaci ja ne wur, nauyi gare shi, ba ya kuma warin tafarnuwa. Sansana ka ji. Ni za ka koya wa icce? Cikin sassaƙe anka yanke mani cibi.” Nij juya wurin baƙon nic ce, “Dogon yaro baƙo ne ƙasarga, zamanin Turawa yaz zo. Innarmu ta girme shi. Da idonta tag ga ana dasa na farko ana ba su ruwa da tulu kamar marayu. To ƙaƙa kakar kakata taz zauna bisa iccen da bai zo ba? Wagga kujera wana yas sassaƙa ta, uban wanga da ke tsaye. Reshen da iska ta karya ne bayan kasuwa, ni nit taya shi jawo shi. Jan da kunka kashe da hayaƙi, ni nid daka karan dafinai. Duk kayan nan da kake gani aikinai ne, babu wanda ya girme ni. Kwana arba'in yau da rufe shi.”

Nif faɗa mashi sunan Yaya, da na ubanmu, da garinmu. A hankali nif faɗa, sau biyu. Ina kallon hannunai. Bai rubuta ba. Alƙalami na hannunai, littafi a buɗe, bai rubuta ba! Yar rufe littafin, yac ce, “Na gode, Inna, Allah shi ba da haƙuri. Aikin yana da kyau, amma ba irinai muke nema ba.” Da na ce wani ne wanda ba a san sunanai ba ya yi shi can da, da ya cika shafi uku. Da anka ce ga mai aikin, ga kabarinai ƙasa ba ta bushe ba, sai aikin ya zama ba irin da ake nema ba. Wannan ya fi hayaƙin yi mani ciwo.

Dillali ya fita yana zage-zage. Ɗan Yaya ya juyo wurina yac ce, “Goggo, kin kashe mu.”

Nic ce, “Uwarka da ƙannenka ba su kwana da yunwa ina da rumbu. Amma ubanka sau ɗaya Allah ya kashe shi, ba ni ƙara mashi na biyu.” Nid ɗauki kujerata da kaina, ban bari kowa ya taya ni ba.

Ba zan ce na ci nasara ba. Bayan mako guda anka loda sauran kayan a mota anka kai wani gari inda babu goggo. An sayar. Yanzu haka suna can wani wuri, an rataya musu shekarun da ba nasu ba. Ɗan Yaya tun ranar bai tako Marnona ba; in mun haɗu wurin suna sai shi kau da kai. Gero kuwa ina aika wa innarsu, tana karɓa. Kujera na wanke ta da toka da sabulu har hannuna ya saɓule. Jan ya ɗan leƙo ta gefe guda. Ramukan ƙusa ba su toshewa.

Saboda haka nis sa a rubuta wannan, don wanda kayan nan sunka faɗa hannunai, ko yau ko bayan raina. Ka juya gindi, ka shafa. In ka ji wani ɗan zare-zare a tsaye cikin kowane sawun gizago, siriri kamar gashi, to aikin Yaya ne, kuma bayan tare ruwan Goronyo yay yi shi. Shekarar nan ce gizagonai ya sari ƙusa cikin wani iccen danya, bakin ya yi ɗan giɓi. Maƙeri ya ce kawo in wasa maka, yaƙ ƙi, ya ce yanzu ya samu abin da ko makaho zai gane shi da shi. In babu zaren, bakin akushin kuwa fiƙaƙƙe ne irin na Tursa, to nashi ne na ƙuruciya, ko na ubanmu. Ka goge baƙin, hayaƙin murhun gidansu ne na wata guda.

In kuma ba ka yarda da tsohuwar da ba ta san bihim ba, akwai shaidu. Akwai matar Yaya a Wurno, ita ke share mashi rumfa shekara hamsin. Kunya ce ta rufe mata baki, in ka tambaye ta ita kaɗai za ta faɗi. Akwai wani masunci abokinai can bakin gulbi, wanda har yau da filafilin da yay yi mashi yake tuƙin jirgi in ƙafa ta bar shi. Akwai maƙerin da ya ƙera gizagon, yana Tursa, ido ya tahi amma yatsu na nan. Sai ni, Marnona, gidan da ke da tsamiya a ƙofa. Cikin waɗanda sunka ga Yaya da gizago tun gemunai na baƙi, mu huɗu munka rage. Mai son ji shi yi sauri. Maƙerin tun salla bai ci tuwo ba, sai kunu.